Ciwon Maƙogwaron Yaro Da Abin Da Yakan Bari A Zuciya

Allah ya gafarta malamai, Allah ya ƙara wa 'yan kasuwa buɗi. Maganarmu ta yau da ku ce, zama ku ne kuka fi kowa riƙon 'ya'yan mutane a ƙasar nan. Malami guda yakan kwana da yara hamsin a ƙarƙashin kulawarsa, kuma da wuya mutum ya ratsa Kurmi ko Kwari ya ga rumfar da ba ta da yaro ɗan shekara goma sha wani abu, mai shara da aike da ɗaukar kaya. Iyayen waɗannan yara suna nesa. In jikin ɗayansu ya yi zafi da tsakar dare, hannun da zai taɓa goshinsa naku ne.

In Bahaushe ya ce ciwon zuciya, sau da yawa baƙin ciki yake nufi, ko takaici. Mukan ce wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, watau abin duniya ya ishe shi. Saboda haka muka ɗauki ciwon zuciya na manya ne, na attajirin da ya tafka asara, ko dattijon da 'ya'yansa suka baƙanta masa. Ba mu musa cewa damuwa tana taɓa lafiya ba. Amma wannan ɗauka ta rufe mana ido ga wani ciwon zuciya wanda ba ruwansa da asara ko takaici, wanda ke kama yaro tun yana tsakanin shekara 5 da 15, sa'an nan ya kwantar da shi a daidai lokacin da ya kamata a fara cin moriyarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na hanyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9, watau kusan sulusin dukan waɗanda suka mutu a duniya a shekarar, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke. Cikin wannan adadi akwai rabon ciwon da muke magana a kansa: fiye da mutum miliyan 40 ke ɗauke da shi, yana kuma kashe fiye da 300,000 kowace shekara, da yawansu samari da 'yan mata.

Kafin mu kai gare shi, bari mu ɗan bayyana yadda abin yake a cikin ƙirji. Zuciya tsoka ce, girmanta kamar dunƙulen hannun mai ita, tana da ɗakuna huɗu, biyu dama biyu hagu. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zaga jiki ya tura shi huhu ya sha iska, na hagu kuwa ya karɓo shi daga huhu ya watsa shi ko'ina, daga ƙwaƙwalwa har yatsan ƙafa. Tana bugawa kamar sau 100,000 a yini da kwana, kuma babban mutum yana zaune kawai takan tura jini kusan lita 5 cikin minti guda. Malamai za su so su ji cewa wanda ya fara bayyana wannan bi da jini ke yi ta huhu shi ne Ibnun Nafisi, likita kuma masanin fiƙihu, mutumin Sham wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, watau 687 ta Hijira. A cikin sharhin da ya yi wa littafin Ibnu Sina ya musanta maganar Jalinusu ta cewa akwai ƙananan kafofi a bangon da ya raba dama da hagu. Sai bayan fiye da shekara ɗari uku, a 1628, wani likitan Ingila, William Harvey, ya bayyana zagayen jini gaba ɗayansa. Ashe dai wannan ilmi ba baƙo ba ne a zauren malamai.

To, a bakin waɗannan ɗakuna akwai ƙyamare huɗu, fatu ne 'yan sirara, suna buɗewa jini ya wuce, su rufe kada ya komo baya. Wanda ya taɓa duban zugazugin maƙeri ya san irin aikin. Muddin ƙyauren yana rufewa daidai, aiki yana tafiya. In ya ƙage ko ya daina haɗuwa, sai zuciya ta riƙa yin aikin mutum biyu don ta cim ma na mutum guda. Waɗannan ƙyamare su ne ciwon nan ke ci.

Mafarinsa kuwa abin raini ne: ciwon maƙogwaro. Akwai wata ƙwayar cuta, likitoci suna kiranta sitirefto, wadda ke bin tari da atishawa da numfashi daga wannan yaro zuwa wancan. Ta fi samun yadda take so inda mutane suka cunkushe, kamar zauren da yara talatin ke kwana kai da ƙafa, an toshe taga saboda sanyin hunturu. In ta sauka a maƙogwaro sai zazzaɓi ya rufe yaro farat ɗaya, haɗiya ta gagare shi, in an leƙa a ga cikin wuyan ya yi jajur, wani lokaci da farin ruwa kamar mugunya, kaluluwa kuma ta fito a ƙarƙashin muƙamuƙi. Galibi ba tari, ba yoyon hanci, kuma da wannan ake bambanta shi da mura. Bayan kwana uku ko biyar sai ya lafa don kansa, yaro ya koma kan allonsa, kowa ya ce ya warke.

Ga yawancin yara lalle sun warke. Amma ga wasu kaɗan cikin ɗari, nan ne aka fara. Jiki yana da mayaƙansa a cikin jini, waɗanda ke tashi su far wa kowace baƙuwar cuta. Abin da ya sa wannan ƙwaya ta zama muguwa shi ne rigarta ta yi kama da wasu sassan jikin mutum kansa. Kamar a ce ɓarawo ya shigo gari da rawani irin na mai gida, dogarai suka bi shi, suka kore shi, sa'an nan suka juyo suka ga mai gidan da irin rawanin, suka hau shi da duka. Haka mayaƙan jini ke yi wa gaɓoɓi da ƙyamaren zuciya. Bayan mako biyu zuwa huɗu da ciwon wuyan sai zazzaɓi ya komo, gwiwa ta kumbura ta yi zafi, gobe ta saki idon sawu ya ɗauka, jibi gwiwar hannu. Ciwo mai yawo ke nan, mu kuwa sai mu ce sanyi ne ya shige shi, a nemo man zafi a shafa. Wasu yaran, musamman mata, bayan 'yan watanni sai hannu da fuska su riƙa fizga ba da nufinsu ba, alƙalami ya riƙa faɗuwa daga hannu, rubutu ya lalace. Sau nawa aka doki irin wannan yaro don an zaci iskanci yake yi, sau nawa kuma aka ce iska ce ta taɓa shi?

Gaɓoɓin sukan warke sarai, ba su barin tabo. Zuciya ce ba ta mantuwa. Kowane komowar ciwon maƙogwaro sai a sake sabon yaƙi a kan ƙyamaren nan, su yi tabo, su yi kauri, su ƙanƙance, musamman wanda ke tsakanin ɗakunan hagu biyu. Abin yana tafiya a ɓoye shekara biyar, shekara goma. Ranar da zai bayyana, sai a ga saurayin da ke ɗaukar buhu da yana haki in ya hau 'yar tudu, ba ya iya kwanciya sai ya jingina, tari yana tashe shi da dare, ƙafafu sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga. A ce fuka ce, a ce shawara ce, a ce jifa aka yi masa don an ga mai gidansa ya yarda da shi. Wani kuma bugun zuciyarsa ya rikice, jini ya daskare a ciki, gudan ya ɓalle ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, sai ga ɗan shekara ashirin da shanyewar ɓarin jiki. Ba wanda zai tuna da ciwon wuyan da ya yi yana titibiri.

Dole mu tsaya a kan wata al'ada tamu, ko da ba za ta yi wa wasu daɗi ba. In yaro ya cika ciwon wuya, abin da aka saba shi ne a kira wanzami a cire belu, ko a ce hakin wuya ne a yanke. Muna girmama wanzamai, sana'arsu ta gado ce, kuma sun yi wa jama'a hidima tun ba a san asibiti ba. Amma gaskiya ita ce belu ba shi ne cutar ba. Tsoka ce da aka halicci kowa da ita, tana kumbura ne don ciwon da ke kewaye da ita. An yanke ta, ƙwayar cutar tana nan daram, sai ma an buɗe mata sabon rauni, ga zubar jini, ga haɗarin aska guda a bakin yara da yawa. Da yake ciwon dama mai lafawa ne don kansa, sai a ce yankan ne ya yi magani. Wannan shi ne abin da ya dawwamar da al'adar, shi ne kuma abin da ya sa aka rasa kwanakin da magani na gaskiya zai yi amfani.

Maganin kuwa yana nan, tsoho ne, kuma yana cikin mafi arha. Fenisilin ne, wanda Alexander Fleming ya gano a 1928, har yau kuwa wannan ƙwaya ba ta koyi gagararsa ba. Ko allura guda mai daɗewa a jiki, ko ƙwayoyi na kwana 10 cur. In an fara cikin kwana 9 da somawar ciwon, ana tare yaƙin nan tun bai tashi ba. Amma fa kwana 10 ɗin nan ba abin ciniki ba ne. Abin da muke gani shi ne a aiki yaro kemis da 'yan canji, a ƙirgo masa kafso huɗu, ya sha biyu yau biyu gobe, wuya ya saki, a ce an gama. Wannan rabin magani yana kwantar da zafi, bai kashe ƙwayar ba. Kuma ba kowane ciwon wuya ke son fenisilin ba, mafi yawansu mura ce wadda ba ya yi mata kome, wasu mutane kuma jininsu bai karɓe shi ba. Saboda haka ma'aikacin lafiya ne zai leƙa ya yanke hukunci, aikinku shi ne ku kai yaron da wuri.

Wanda ciwon gaɓoɓin ya riga ya kama shi sau ɗaya, shi kuma hukuncinsa dabam. Ana yi masa allurar nan duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, galibi har ya kai 21, in ƙyauren ya riga ya taɓu ma fiye da haka, don kada ƙwayar ta sake samun masauki. Ko wannan wahala tana biya? An gwada a Gulu ta ƙasar Yuganda, aka bayyana sakamakon a 2021. An ɗauki yara kamar 800 waɗanda hoton zuciya ya nuna ciwon ya fara taɓa su amma ba su ji kome ba tukuna, aka raba su biyu. Bayan shekara biyu, cikin waɗanda ake yi wa allura 3 ne ciwon ya ci gaba a jikinsu, cikin waɗanda ba a yi wa ba kuwa 33. Ɗan kasuwa ba ya bukatar a fassara masa wannan lissafi.

A gwada shi da abin da ke jiran wanda aka makara. In ƙyaure ya lalace sarai, sai a buɗe ƙirji a gyara shi ko a sa na ƙarfe. An fara irin wannan aikin buɗe zuciya a Nijeriya tun 1974 a Inugu, amma har yau wuraren da ake yinsa kaɗan ne, kuɗinsa kuwa miliyoyin naira ne. A 2007 wata ƙungiyar agaji ta Italiya ta buɗe asibitin Salam kusa da Khartum don yin aikin kyauta, marasa lafiya suka yi ta zuwa daga ƙasashen Afirka da yawa, mafi yawansu masu wannan ciwo ne. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe kuma zai sha maganin tsinka jini iyakar ransa, ana auna jininsa a kai a kai. Ina ɗan talakan da ke ci-rani zai kai ga wannan?

'Yan mata sun fi shiga uku. Ciki yana ƙara yawan jinin mace da kusan rabi, zuciyar da ke lallaɓawa da ƙyaure mai tabo sai ta kasa ɗaukar wannan kaya. Yarinyar da aka aurar lafiya lau a ganin ido, sai a wata na shida ko na bakwai ta kama haki da kumburi, wata ta tafi wurin haihuwa. Duk yarinyar da aka san ta yi ciwon gaɓoɓi mai yawo tana ƙarama, haƙƙinta ne a kai ta a saurari ƙirjinta kafin a sa rana, a kuma gaya wa ungozomar asibiti tun awon farko. Akwai ma wani ciwon zuciyar na masu jego, dabam da wannan, wanda likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka bayyana a shekarun 1970, suka tuhumi yawan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai hannun rashin abinci mai kyau da hawan jinin masu ciki. Ko ta yaya, mai jegon da ke haki da kumburin ƙafa asibiti take bukata, ba ƙarin kanwa ba.

Ciwon zuciyar manya ma a ƙuruciya ake shuka shi, sai dai nasa bayanin gajere ne don an fi saninsa. Hawan jini, watau awo ya tsaya a 140 bisa 90 ko fiye, yakan zauna shekaru ba ciwon kai ba jiri, yana ta ƙona zuciya da ƙoda. Gishiri yana ciyar da shi. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda wa babba a yini bai kai giram 5 ba, ƙasa kaɗan da ƙaramin cokalin shayi, kuma wannan ya haɗa da na dunƙulen miya da na yajin tsire, kanwa ma 'yar'uwarsa ce. Harshen da ya saba da gishiri yana ɗan sha biyar ba ya jin miya sai da shi yana ɗan hamsin. Taba kuwa tana ƙuntata hanyoyin jini tana lalata bangonsu, kuma mafi yawan mashayanta suna samari suka fara. Shisha da ake yi wa kallon ƙamshi kawai, ita ma taba ce. Dokar taba ta Nijeriya ta 2015 ta hana a sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. Mai tebur ya sani sarai wane ne ke sayen kara guda da canjin aike.

Wani malami zai ce, ni ba likita ba ne, karatu aka kawo mini. Gaskiya ne, Allah gafarta malam, ba kuwa mu ce ka riƙe allura ba. Amma wa ya kai ka sanin yaron da muryarsa ta dushe a karatun asuba, ko wanda ya bar tuwonsa jiya don ba ya iya haɗiya? Kai ne kake koya musu hukuncin ruwa da tsarki dalla-dalla har su haddace. Wanda ya iya wannan, ba zai gagara sanar da su cewa ciwon wuya da zazzaɓi ba tare da mura ba na asibiti ne, ciwon gaɓa mai yawo na gaggawa ne, haki da kumburin ƙafa kuma ba a kwana da su ba. Zama guda a daren Alhamis ya isa a fara, in an samu a gayyato malamin asibitin unguwa ya zo da abin sauraren ƙirjinsa, ya bar yaran su ji bugun zuciyar junansu. Yaron da ya taɓa jin wannan sauti da kunnensa ba ya sake ɗaukar zuciya a kan magana kawai.

Mun nace a kan titibirai da gardawa da yaran shago saboda su ne a tsakiya. Su ke kwana da ƙolawa, su ke fara jin nishin ƙarami da dare. Nan da shekara kaɗan su ne iyaye. Su ne kuma suka fi ɓoye ciwo, domin mun tarbiyyantar da su a kan cewa namiji ba ya raki, yaron shago kuwa yana tsoron in ya ce ba shi da lafiya a ce ragwanci ne a nemi wani. Sai mai gida ya furta da bakinsa cewa faɗin ciwo ba laifi ba ne, kuma kuɗin magani ba za a cire shi daga na sallama ba, sa'an nan yaro zai buɗe baki. A wannan shekarun ne kuma masu karɓar allurar wata-wata suka fi gudunta, zama tana da zafi ƙwarai, su kuwa suna jin kansu garau. Wanda aka bayyana wa dalilin allurar, aka nuna masa abin da take tsarewa, ya fi wanda aka ja da tsawa daɗewa a kanta.

Sauran abin da ke hannunku na gida ne. A rage cunkoson makwanci gwargwadon iko, a bar iska tana ratsawa ko da sanyi, mai ciwon wuya ya sami nasa moɗa da nasa gefe har ya kwana biyu a kan magani. A yi wa ƙazuwa magani da wuri, domin ƙwayar nan tana shiga ƙurajen da susa ta fasa, likitoci kuma suna zargin ta nan ma takan kai ga zuciya. Attajiran da ke gina masallatai da rijiyoyi, ɗaki guda da aka ƙara wa tsangaya da taga biyu yana cikin abin da ya kamata su sa a lissafi.

Hukuma ma da nata. A watan Mayu 2018 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan wannan ciwo, ƙasashe suka ɗauki alkawarin yaƙarsa. Alkawarin ba zai kai ga yaronmu ba sai allurar tana nan a ƙaramin asibitin ƙauye kowane wata, da ma'aikacin da aka horar ya kuma san abin yi in jikin wani ya ƙi ta, da littafin da aka rubuta sunan kowane yaro mai karɓa don a neme shi in bai zo ba. Muna kuma roƙon a lura da halin almajiri da ɗan ci-rani, waɗanda ba su shekara a gari guda. A ba kowannensu kati mai ɗauke da ranar allurarsa ta ƙarshe da ta gaba, a rubuce da boko da ajami, wanda za a karɓa a kowane asibiti, ko ya tashi daga Kano ya sauka Gashuwa, ko ya ƙetara Maraɗi. Malaminsa ya adana masa shi tare da allonsa, in za a yi ƙaura a duba ranar kafin a ɗaura kaya.